GANDUN DAJI DA MAƘWABTANSA

Da wuya a sami jiha a Nijeriya wadda ba ta da gandun daji. Matafiyi yakan ga alamarsa a bakin hanya, ko dai wani allo mai tsatsa da aka rubuta sunan dajin da gargaɗin hukuma, ko kuwa turakun siminti waɗanda ciyawa ta rufe. Amma sau da yawa idan ya ɗaga ido ya dubi bayan allon ba daji zai gani ba, sai gonakin dawa da masara, da kututture, da buhunan gawayi a jere suna jiran mota. Dokar da ta kafa gandun tana nan ba a soke ta ba, ma'aikatan da aka ɗora wa tsaronsa kuma suna nan, amma itatuwa sun tafi.

Mutane da yawa sukan ce ai laifin talakawan da ke zaune kusa da dajin ne, wasu kuma su ce sakacin ma'aikata ne. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma maganar ta fi haka zurfi. Abin da wannan darasi zai nuna shi ne, iyakar gandun daji ba turaku ke riƙe ta ba, mutanen da ke kwana suna tashi a gefenta su ne ke riƙe ta, ko su sake ta. Don haka ya wajaba a san yadda aka yi dangantaka ta yi tsami tsakanin gandun daji da maƙwabtansa, da kuma wuraren da aka sami gyara ta.

Yadda Aka Faro

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun kafin zuwan Turawa garuruwan Arewa suna da hurumi, watau filin da ba mai noma shi, an bar shi domin kiwo da amfanin jama'a duka. Akwai sarkin dawa da sarkin baka masu faɗa a ji a sha'anin farauta, manomi kuma ba ya sare ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya a gonarsa, don ya san abin da matan gidansa ke samu a jikinsu. A Kudu akwai kurmin da al'ada ta hana a shiga da gatari, irin kurmin Osun na Oshogbo, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2005. Bambancin waɗannan da abin da ya zo daga baya shi ne, masu kafa dokar da masu bin ta duk 'yan gari ɗaya ne.

Gandun daji irin na hukuma ya samo asali ne daga dokokin zamanin mulkin mallaka, musamman dokar 1916 da ta 1937. Ya kamata a yi wa waɗannan dokoki adalci: ba su ce a kori jama'a kawai a kafa turaku ba. Kafin a tabbatar da gandu sai an naɗa jami'i ya zauna da mutanen yankin, ya saurari haƙƙin da kowane ƙauye ke da'awa, kamar ɗiban itacen girki, da yankan ciyawar jinka, da cin zuma, da saƙesaƙin magani, da hanyar zuwa rafi, sa'an nan a rubuta waɗannan haƙƙoƙi cikin takardar da ta kafa gandun. A Arewa yawancin gandayen suna hannun En'e ne, ita ke ɗaukar malaman daji, kuɗin da aka samu kuma baitulmalinta yake shiga. Ta wannan hanya aka keɓe wajen kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar nan.

To, amma an shata waɗannan iyakoki ne sa'ad da mutane ba su da yawa. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta sami mutum wajen miliyan 30 a Nijeriya duka. Ƙidayar 2006 ta sami miliyan 140, yau kuwa an haura miliyan 200. Ƙauyen da ya yarda da iyaka sa'ad da yake da gida ashirin, yanzu jikokinsa sun cika gari, gonakin gado an rarraba su har sun zama kamar tabarma, ga kuma daji a gefe wanda aka ce ba a taɓawa. Takardar da aka rubuta haƙƙoƙin kakanninsu kuwa tana can cikin wani kabad a babban birnin jiha, ba wanda ya taɓa karanta musu ita.

Abin da talaka ya sani game da gandun daji shi ne malamin daji, mai ƙwace gatari da cin tara. Daga nan ne sunan "dajin gwamnati" ya zauna a bakin mutane, abin da aka ce na gwamnati ne kuwa, kowa ya san yadda ake riƙonsa. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, aka kuma rushe tsarin En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sai ikon gandaye ya ƙara nisa da masu unguwa da dagatai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Jihohi da dama suka ɗauki sashen gandun daji wurin tara kuɗin shiga, ana auna ƙwazon ma'aikaci da yawan lasin yankan katako da ya sayar, ba da yawan itatuwan da ya tsare ba. Wasu gandayen ma hukuma da kanta ta yanke su ta raba wa manyan manoma da masu gine-gine. Talakan da ya ga haka da idonsa, da wuya a shawo kansa cewa ɗan sassabensa ne ke kashe daji.

Gandayen Tarayya

Yawancin gandayen daji mallakar jihohi ne. Akwai kuma wani rukuni da ke hannun Gwamnatin Tarayya, watau gandayen ƙasa, inda doka ta fi tsanani: ba farauta, ba sara, ba kiwo, ba noma, ba haƙar ma'adinai. Na farkonsu shi ne na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗa dajin Borgu da na Zugurma. A 1991 aka ƙara biyar: Gashaka Gumti, da Kuros Riba, da Tsohuwar Oyo, da na Yankin Tafkin Chadi, da Yankari. A 1999 aka ƙara Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari da Okomu ta Jihar Edo. Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, ta koma hannun Jihar Bauci a 2006.

Ba don Turawa masu yawon buɗe ido aka keɓe waɗannan wurare ba, ko da yake haka mutane da yawa suka ɗauka. Duwatsun Gashaka Gumti, alal misali, daga cikinsu ne kogin Taraba da wasu rafuka ke tasowa su zuba cikin Binuwai. Kurmin da ke kan duwatsun shi ke riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har cikin rani. In an sare shi, ruwa zai sauko gaba ɗaya a watan Agusta da Satumba ya ci gonaki, sa'an nan rafuka su ƙafe tun kafin bazara. Masunci a Ibi da mai noman rani a bakin Binuwai ba su taɓa ganin dutsen Chappal Waddi ba, amma abincinsu yana rataye da abin da ke faruwa a can.

Ƙauyuka a Cikin Gandu: Gashaka Gumti

Gashaka Gumti shi ne mafi girma a gandayen ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Jihar Taraba da ta Adamawa a kan iyakar Kamaru. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. A kurminsa ake samun birin nan da mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa har a ji amo daga nesa.

Sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta keɓe wannan daji a 1972, ta tarar da mutane a ciki. Akwai manoma a kwari, akwai kuma Fulani makiyaya a kan tuddai, inda sanyi ya hana ƙudan tsando zama, ciyawa kuma take da kyau. Hukuma ba ta tashe su ba. Sai ta shata musu wasu yankuna a tsakiyar gandun, irin su Gumti da Filinga da Chappal Hendu, aka ce a nan suna iya noma da kiwo, bisa sharaɗin ba za su yi farauta ba, ba kuma za su ƙetare iyakar da aka yi musu ba. Wannan dabara ce mai hikima, gama makiyayin da ke zaune kan tudu ya fi kowane ma'aikaci sanin wanda ya shigo da wanda ya fita.

Sai dai shanu suna haihuwa, fili kuwa ba ya haihuwa. Garkunan cikin yankunan suka ƙaru. A waje kuma wuraren kiwo suka yi ta ƙanƙancewa, gama gandayen kiwon da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada yawancinsu ba a tabbatar da su ba, burtali kuma an nome shi a wurare da yawa. Saboda haka makiyaya daga tsaunin Mambila da wasu wurare masu nisa suka riƙa kwararowa cikin gandun da rani, suna sauka kwari inda ruwa yake, suna cinna wa ciyawa wuta domin sabon tsiro ya fito. Wutar da aka sa a ƙarshen rani ba ciyawa kaɗai take ci ba, takan lashi bakin kurmi, kowace shekara ta ɗan ƙara shiga. Inda zaki ko kura suka kama saniya, sai a zuba guba a mushen, duk abin da ya ci ya mutu, har da ungulu. Cutar bushiya da ta auka wa shanun ƙasar nan a 1983 ba ta tsaya kan shanu ba, ta kashe ɓauna da sauran namun daji masu yawa a Gashaka.

Su ma mazauna yankunan suna da nasu kukan, kuma kuka ne na gaskiya. Manomi yana kallo birai da gaduna su shiga masararsa, doka ta hana shi harbi, ba kuma mai biyansa asarar da ya yi. Makaranta da asibiti suna da nisa, hanyar mota babu, mai naƙuda sai a ɗauko ta a kai ko a kan babur. Idan baƙin makiyaya suka yi ɓarna, sau da yawa shi mazaunin da aka san rugarsa shi ake kamawa. Mutumin da aka mai da shi abin zargi a kan laifin wani ba zai sake kawo rahoto ba.

A 2017 Hukumar Gandayen Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da wata ƙungiyar 'yan Nijeriya mai suna Africa Nature Investors domin su gudanar da gandun tare. Abin lura a aikinsu shi ne an ɗauki samarin ƙauyukan yankin aikin tsaron daji, an kafa wa mata ƙungiyoyin adashi da rance, ana kuma yi wa shanu allurar rigakafi. Wanda ɗansa ke karɓar albashi daga daji, ba ya kallon dajin da idon da yake kallonsa a da. Amma wannan bai warware batun baƙin garkuna ba, gama tushensa yana waje da gandun, can inda aka toshe burtali.

Alkawarin da Ba a Cika Ba: Okwangwo

Daga Gashaka sai a gangara kudu, a bi iyakar Kamaru zuwa Jihar Kuros Riba, inda mafi yawan abin da ya rage na kurmi mai duhu a Nijeriya yake. Gandun ƙasa na can yana da faɗin wajen murabba'in kilomita 4,000, kashi biyu ne, Oban a kudu da Okwangwo a arewa. A duwatsun Okwangwo da kewayensu, har zuwa cikin dazuzzukan Kamaru, ake samun wani irin goggon biri wanda babu shi ko'ina a duniya sai nan. Masana sun ƙiyasta waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba.

A nan ma an tarar da ƙauyuka a tsakiyar daji, watau Okwangwo da Okwa ta Ɗaya da Okwa ta Biyu. Tsarin da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 tare da ƙungiyar WWF ya tanadi a sake musu matsuguni a waje, a kuma yi wa ƙauyukan da ke kewaye da gandun ayyukan raya karkara domin su sami abin dogaro maimakon farauta da sara. An yi taro da sarakuna, an faɗa wa jama'a, jama'a suka sa rai. Kuɗin da ake sa ran samu daga Turai kuwa ya tsaya a tsakiyar shekarun 1990, zamanin da dangantaka ta lalace tsakanin gwamnatin soja da ƙasashen Turai. Dokar hana farauta da sara ta fara aiki, amma matsuguni da ayyukan da aka ambata ba su zo ba.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Fiye da shekara 30 ke nan mutanen waɗannan ƙauyuka suna zaune tsaka mai wuya: ba a tashe su ba, ba a kuma yi musu hanyar mota ba, don hanya a cikin gandu ƙofa ce ga masu yankan katako da mafarauta. Kokonsu da ayabarsu da 'ya'yan ogbono da suke tsinta, sai sun sha wahala kafin su kai kasuwa. Yawansu ya ƙaru, gonakinsu suka faɗaɗa suka wuce iyakar da aka yi musu, har masana suna fargabar gonakin za su raba dajin gida biyu, su yanke hanyar da birai ke bi daga wannan dutse zuwa wancan. Garken da aka raba shi ƙanana-ƙanana, aure ya koma tsakanin dangi na kusa, ƙarshensa ƙarewa ne ko ba a harbi ko ɗaya ba.

Ba daidai ba ne a kira waɗannan mutane masu karya doka a yi shiru a nan. Su aka fara karya wa alkawari. Kuma illar ba ta tsaya a kansu ba, domin duk ƙauyen da ya ji labarinsu, ran da jami'i ya zo masa da maganar keɓe daji, da wannan labari zai auna shi.

Gatarin Gida, Kuɗin Waje

Mai riƙe da gatari ɗan ƙauye ne, amma sau da yawa mai kuɗin da ya sa shi sara yana birni, ko ma wata ƙasa. Labarin madobiya ya isa misali. Itace ne da makiyaya suka daɗe suna sassaɓe ganyensa su ba shanu da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare. Daga wajen 2013 kasuwar kujeru da gadaje na alfarma a ƙasar Sin ta buɗe baki tana neman irin wannan katako, sai dillalai suka bazu a Kogi da Taraba da Adamawa da injunan zarto, suna kiran itacen "madrid". Cikin 'yan shekaru Nijeriya ta shiga sahun gaba a masu fitar da shi. Matasa suka bar gona suka shiga daji, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin gungume a tashar jirgin ruwa ta Legas. Da itacen ya ƙare a dajin gari, sai aka fuskanci gandaye, har da Gashaka Gumti. An sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Kafin nan an riga an yi ɓarnar, makiyayi ya rasa ganyen rani, ƙauye kuma bai ga makaranta ko rijiya daga cinikin ba.

Haka sha'anin gawayi yake. Kirya da marke da ake ƙonawa a dajin Neja da Nasarawa da Kwara, a murhun Abuja da Kaduna da Kano suke ƙarewa, duk ran da kananzir da iskar gas suka yi tsada kuma, daji ne ke biya. A Kudu maso Yamma koko ne ke cin gandun Omo na Jihar Ogun. Kama yaro mai buhu biyu a kan babur, a bar tirela mai ɗauke da takardar izini ta wuce shinge, ba ya tsare daji, ƙiyayya kawai yake sayo wa ma'aikata.

Akwai kuma asarar da namun daji ke jawo wa maƙwabta, wadda mutanen birni ba su cika tunawa da ita ba. Giwayen Yankari, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 100 da 150, suna cikin garkuna kaɗan da suka rage a ƙasar nan. Garke ɗaya yana iya cinye gonar da magidanci ya yi wa wahalar damina guda a dare ɗaya. Ƙungiyar WCS da ke aiki tare da Jihar Bauci ta ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke, ta kuma ɗauki mutanen ƙauyuka aikin sa ido da korar su daga gonaki. Wannan ya rage ɓarna, amma batun diyya ga wanda aka riga aka cinye wa gona har yanzu yana bukatar tsari tabbatacce.

Dajin da Ba Mai Shi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gandun da ma'aikata suka yi masa kaɗan, maƙwabtansa kuma suka ɗauke kai daga gare shi, ba ya zama kango, wani ne zai shige shi. Sambisa wurin keɓe namun daji ne kafin 'yan Boko Haram su mai da shi sansani, sunansa kuma ya game duniya bayan sace 'yan matan Chibok a 2014. Dajin Rugu na Katsina, da Kamuku, da Kuyambana, sun zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, har gandun Kainji bai tsira ba. Waɗanda suka fi kowa shan wuya kuwa su ne ƙauyukan bakin dajin, manoma da makiyaya baki ɗaya. An kashe ma'aikatan tsaron daji da dama a bakin aiki, mutanen da albashinsu da kayan aikinsu ba su kai nauyin da aka ɗora musu ba. Wannan ya sa wasu ke cewa a sare dazuzzukan a huta. Amma ɓarawo ba itace ya kawo shi ba, rashin hukuma ne, kuma in an sare dajin ɓarawo zai koma wani wuri, ƙauye ya zauna da zaizayar ƙasa da ƙafewar rijiyoyi.

Inda Jama'a Suka Riƙe Nasu

A gefen gandun Kuros Riba akwai ƙauyuka biyu, Tsohuwar Ekuri da Sabuwar Ekuri, masu dajin gado mai faɗin hekta 33,600. Ba gandun hukuma ba ne, nasu ne. Kamfanonin katako sun sha zuwa da tayin yi musu hanya in za su ba da dajin. Maimakon haka suka kafa ƙungiyarsu a 1992, suka tsara inda za a noma da inda ba za a taɓa ba, suka sa haraji a kan kayan dajin da 'yan kasuwa ke saye, da wannan kuɗi da ƙarfin damtsensu suka fasa hanya ta wajen kilomita 40 zuwa babban titi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo ta Equator a 2004.

Jarrabawarsu mafi girma daga hukuma ta zo. A farkon 2016 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar karɓe ƙasa kilomita 10 dama da hagun wani babban titi mai tsawon kilomita 260 da take shirin ginawa, abin da zai haɗiye dajin Ekuri da na wasu ƙauyuka masu yawa. Mutanen Ekuri, maza da mata, suka tsaya a gaban motocin rusau, suka kai ƙara ga Gwamnatin Tarayya, aka tara sa hannun mutum fiye da 250,000 daga ciki da wajen ƙasa. A Fabrairun 2017 aka janye sanarwar. Ba a ce Ekuri ta huta ba, masu yankan katako ba su daina zagayenta ba, talauci kuma yana sa wasu 'yan gari su karkata.  Haka kuma a duwatsun Mbe, tsakanin Okwangwo da dutsen Afi, ƙauyuka tara ne suka haɗu suka keɓe dajinsu domin goggon biri, masu gadinsa kuwa 'ya'yansu ne, wasunsu ma tsofaffin mafarauta.

Kada mai karatu na Arewa ya ce wannan sha'anin mutanen kurmi ne. A ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi da Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, manoma sun daɗe suna tumɓuke duk tsiron itace a gonakinsu, gama doka ta mai da itace na gwamnati, wanda ya bar shi ya girma ya jawo wa kansa malamin daji. Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, sai aka shiga abin da suke kira sassaben zamani, watau a bar tohon kututture, a rage masa rassa, a bar mai ƙarfi ya tashi. Ba a kafa turaku ba, ba a raba dashe ba. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200, yawancinsu gawo, sun tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Matar da ke samun itacen girki a gonar mijinta ba ta da dalilin tafiya gandu da gatari.

Sababbin Gandaye

A Disamban 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaukaka wasu dazuzzuka goma su zama gandayen ƙasa. A cikinsu akwai Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da fadamar Haɗeja a Jigawa, da Allawa a Neja, da Pandam a Filato, da Marhai a Nasarawa, da Kampe a Kwara. Kowannensu yana da ƙauyuka da rugage a gefensa, a fadamar Haɗeja ma har da masunta da masu noman shinkafa da suka gaji wurin kaka da kakanni. Dokar gandun ƙasa ta fi ta jiha tsanani, saboda haka abin da mutum ya saba yi jiya ba tare da tsangwama ba yana iya zama laifi gobe.

Lokacin da ya fi dacewa jama'a su yi magana shi ne kafin a kafa turaku. Ya kamata hakimai da dagatai da arɗo-arɗo da sarakunan ruwa su nemi a karanta musu tsohuwar takardar da ta kafa gandun, da harshen da suke ji, su san haƙƙoƙin da aka rubuta wa kakanninsu. Su bi masu awo ƙafa da ƙafa, su nuna mashaya da burtali da maƙabarta da kufai. A sa mata cikin zaman, domin su ne masu ɗiban itace da kaɗe da kalwa, su suka san abin da za a rasa. Duk abin da jami'i ya ambata, ko rijiya ce, ko ɗaukar samari aiki, ko kason kuɗin shiga, a rubuta shi, a sa ranar cikawa da sunan ofishin da zai biya, a ajiye kofe ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma. Jami'i kuma kada ya faɗi abin da babu shi cikin kasafin kuɗi don kawai taro ya watse lafiya. Su kuma mutanen gari, in sun sa hannu, nauyin hana wutar ƙarshen rani da kai rahoton baƙin masu zarto da masu zuba guba ya hau kansu, ko da mai laifin ɗan gari ne. Wanda ke da ƙorafi game da iyaka, ko ɓarnar namun daji a gonarsa, ko halin wani ma'aikaci, sai ya kai ta hannun dagacinsa zuwa ofishin mai kula da gandun, in bai sami biyan bukata ba ya rubuta wa Hukumar Gandayen Ƙasa a Abuja, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.